Kawu Na-sani da Kakan Ƙadangaru

A layinmu ba a taɓa samun wanda ya kai ƙarshen labari a gaban Kawu Na-sani ba. Kana farawa, kafin ka kai tsakiya, zai ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani," ya karɓe labarin ya ƙarasa maka shi yadda ba haka aka yi ba. Daga nan sunan ya bi shi, har na gaskiyar ya ɓace. Sana'arsa gyaran rediyo da talabijin, a wani ɗan shago da ke manne da na Tela, abokinsa tun suna samari. Gyaran nasa ba laifi, sai dai duk abin da ya kwance ya ɗaure, sai an ga ragowar noti a kan tebur. In aka tambaya ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci.

Wata rana aka kawo masa talabijin da ta daina magana. Ya kunna ta don ya ga ciwonta, sai ya faɗa kan wani shiri. Waɗansu mutane ne masu manyan huluna, sun durƙusa a gindin wata gaɓa da ruwa ya zaizaye, suna share ƙasa da ɗan buroshi. Can sai ga ƙashi ya fito, dogo kamar turken wuta, ya riga ya zama dutse. Daga nan aka nuno dabbar da aka harhaɗa a wani babban zaure, wuyanta har rufi, jama'a sun kewaye ta, ana ta yi wa wani mai gemu tafi. Kawu ya kalli shirin daga farko har ƙarshe ba sauti ko na ƙwayar kalma ɗaya, amma da aka gama ya ji a ransa ya gama karatun.

Ya leƙa shagon Tela. "Ka san kakan ƙadangaru?"

Tela bai ɗaga ƙafa daga kan keke ba. "Ban san uban ba ma, balle kakan."

"Dabbobin da ne. Kowanne ya fi motar ɗaukar siminti. Ƙasusuwansu suna nan a ƙarƙashin ƙasa sun zama duwatsu, kuma ba sa fitowa sai inda ruwa ya ci gaɓa, ko inda aka tona. To kai, me ke bayan layin nan?"

"Bola."

"Bayan bolar."

Bayan bolar kwazazzabo ne, wanda duk damina sai ya ƙara matsowa. Ya cinye hanyar da muke bi zuwa kasuwa, ya cinye katangar makarantar yara, yanzu ya fara lasar bayan gidajen ƙarshen layi. Mun yi shekaru muna kai kuka kafin aka turo 'yan kwangila su saka kwalbati su shimfiɗa titi a kai. Katafila ta yanke gaɓar, ruwan sama ya zo ya wanke yankan, sai ƙasar ta fito hawa-hawa, ja a kan fara, fara a kan toka-toka, kamar yadukan da Tela ya jera a kanta.

"Ga zaizaya, ga tono," in ji Kawu. "Abu biyu sun haɗu a bayan gidana. Wannan ba banza ba ne. Ka ɗinka mini riga mai aljihu da yawa, irin ta masu binciken."

"Aljihu nawa?"

"Iya inda yadi ya kai."

A gida ma haka ya shiga yana tattara kayan aiki. Matarsa, wadda duk layi ke kira Goggo, ta fito daga kicin ta tarar ya ajiye rariyarta da ludayinta da buroshin haƙoranta a cikin bokiti.

"Malam, ina za ka da rariyata?"

"Ilimi za ta yi wa hidima. Ta daɗe tana yi wa gari, yau ta samu ƙarin girma."

"Buroshin fa? Ga naka can."

"Nawa ya yi tauri. Ƙashin da ya shekara miliyan ba ya son a takura masa."

"To ni haƙorana da suka shekara hamsin fa?"

Ya ɗauki bokitin. Ya kifa hular kwanon da wani ya manta a shagonsa, ya saka rigar da Tela ya ɗinka, wadda har a ƙeya akwai aljihu, ya nufi kwazazzabo. Leburori suka dakata da aiki suna kallonsa, suna zaton wani babba ne aka turo duba kwangila. Da suka ga ya durƙusa yana tankaɗe laka da rariya, suka koma bakin aikinsu.

Kawu bai bar dutse ko ɗaya ba. Duk wanda ya ɗauka sai ya ga kamannin wani abu a jikinsa, wannan yatsa ne, wancan gwiwa, wancan kuma kunne. Ya cika aljihun gaba, ya cika na gefe, ya cika na ƙeya. Da ya zo miƙewa, rigar ta ƙi. Ya yunƙura, nauyin baya ya ja shi ya zauna. Ya sake yunƙurawa, na gaba ya kifar da shi. Sai da leburori biyu suka kama shi ta hammata suka tsayar, suka ɗan tura shi kamar motar da batirinta ya mutu, sannan ya kama hanya yana tafiya da ƙafafu a buɗe, duwatsu na ƙara a jikinsa.

Amma bai dawo da tarkace kaɗai ba. A cikin bokiti akwai wani abu mai doro, laka ta bushe a jikinsa, ga zane gida-gida a bayansa. Da yamma ya tara maƙwabta a ƙofar shago, ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya ɗora shi a tsakiya.

"Wannan," in ji shi, "kunkurun zamanin farko ne. Ku dubi yadda ya sandare. Tun kafin a halicci kakannin kakanninku ya zama dutse. Kada kowa ya taɓa, gumin hannu yana cin tarihi."

Ya juya yana yi wa Mai Kemis bayanin yadda ƙashi ke shan gishirin ƙasa har ya taurare. Yana cikin bayani ya ga idon jama'a ba a kansa yake ba. Dutsen ya fito da kai, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya fito da ƙafafu, ya kama hanyar bakin tebur a hankali, yana jan tawul.

Tela ya ce, "Na-sani, tarihinka zai faɗi."

Kawu ya cafke shi kafin ya kai ƙasa. Ya dube shi, kunkuru ya dube shi.

"Ni dai ban ce ya mutu ba," in ji Kawu. "Cewa na yi ya tsufa. Kuma ku kawo wanda zai rantse ba tsoho ba ne."

Aka watse ana riƙe ciki. Kunkurun kuwa Goggo ta wanke shi, ta sake shi a bayan gida wajen shukokinta, ta ce ko ba komai shi ne abu na farko da Malam ya kawo gidan nan da ke aiki ba tare da an buga shi ba.

Wani ne da ya yi zuciya ya bari. Kawu kuwa cewa ya yi inda aka samu kunkuru, manya na kusa. Ya koma, ya ƙara gangarawa ƙasa, inda katafila ta yi juyi a cikin taɓo. Nan ƙafarsa ta yi tuntuɓe da wani abu mai tsini. Ya tono shi da ludayi, ludayin ya lanƙwashe. Abin ya kai tsawon tafin hannu biyu, gindinsa da kauri, bakinsa a fiƙe, ga nauyi kamar zunubi. Ya rungumo shi a ƙirji har shago.

"Haƙori," ya ce wa Tela. "Yau dai ba zai tashi ya tafi ba. Ka dubi girmansa, ka auna bakin da ya fito daga ciki. Da kai da kekenka loma ɗaya ne."

Ya dire shi a kan teburin aiki. Wani maganaɗisun lasifika da ke gefe ya zabura ya manne a jikinsa, ƙwas.

Tela ya ce, "Haƙorin yana jan ƙarfe?"

"Ƙarfe ne ke jan haƙorin. Dabbobin da jininsu cike yake da sinadarin ƙarfe, shi ya sa ba sa zuwa asibiti."

"Ramin nan na gindinsa fa, mai kama da na ƙusa?"

"Nan jijiya take shiga. Kai dai ka tsaya a kan allura da zare."

Suna cikin haka wani ƙato mai rigar aiki ya tsaya a ƙofa, hannunsa duk baƙin mai. Direban katafila ne. Ya gaishe su da ladabi, sannan ya ce, "Baba, an ce an ga ka ɗauko wani ƙarfe a wajen aiki. Haƙorin cokalin katafilata ne ya fita tun jiya, ina ta nema."

Kawu ya dubi haƙori, ya dubi direba. Ya ɓamɓare maganaɗisun da ƙyar, ya miƙa masa.

"Ai na sani. Ajiye maka na yi, kada ɓarayin ƙarfe su riga ka. Ku dinga kula da kayan aiki."

Da direban ya tafi, ya juyo wajen Tela, wanda ya kifa kai a kan keke kafaɗunsa na rawa. "Me na ce maka tun farko? Haƙori na ce, kuma na babbar dabba. Wanne ne ƙarya a ciki?"

Daga ranar yaran layi da manyansu suka samu abin yi. Duk wanda ya ci nama ya rage ƙashi sai ya aika wa Kawu a duba masa shekarunsa. Mai Faci ya kawo tsohuwar taya ya ce ko macijin zamanin da ne ya naɗe. Kawu ya daina amsa kowa. Ya rufe shago, talabijin ɗin mutane na jibge ba gyara, ya tare a kwazazzabo.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi, gaɓar da ke bayan gidajen ƙarshe ta zabtare. Kawu ne farkon zuwa da safe. A jikin sabon yankan, sama da tsayin mutum kaɗan, ya hango wata aba kwance, doguwa, launin toka, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da kumburi a mahaɗarta. Ya hau da rarrafe ya share da buroshi. Ya bi ta hagu, ba ta ƙare ba, ta shige cikin ƙasa. Ya bi ta dama, haka. Ya ɗora maganaɗisu, bai kama ba. Ya zungure ta da yatsa, ba ta motsa ba. Nan ya zauna a cikin laka yana godiya ga Allah.

Ya ruga gida ya yaye zanin gado, ya kwance labulen falo da na ɗaki.

Goggo ta biyo shi har ƙofa. "Malam, falon nan yanzu duk mai wucewa yana ganin cikinsa."

"Su gani. Gobe da kansu za su zo ɗaukar hotonsa, su ce nan ya zauna."

Ya lulluɓe abin tsaf, ya danne gefuna da duwatsu, ya bar ɗan wuri ya ɗauki hoto da wayarsa, hoton da rabinsa babban yatsansa ne. Ya nemo lambar gidan adana kayan tarihi ya buga. Ya gaya musu ya gano ƙashin bayan kakan ƙadangaru, cikakke, bai ga kansa ba bai ga jelarsa ba saboda tsawo. Wata mata da ta ce ita ce mai kula da sashen, kowa na ce mata Dakta, ta ce hoton bai nuna komai ba, amma za ta zo ta gani da idonta. Ta roƙe shi abu ɗaya, kada ya taɓa, kada ya bari a taɓa. Ta kuma kira ofishin 'yan kwangila ta nemi a dakatar da tono a wannan ɓangaren har ta iso.

Injiniyan aikin, wani saurayi mai haƙuri, ya zo ya same shi zaune a ƙarƙashin lema yana gadi.

"Baba, bari in ɗaga zanin in gani. Ko minti ɗaya."

"Don ka riga ni shiga talabijin? Yaro, na girme wa wannan dabarar."

"Baba, a nan za mu zuba kankare. In aka sake ruwa irin na jiya kafin mu zuba, gidajen can uku za su iya bin gaɓar."

"Abin da ya yi shekara miliyan yana jira, ku ba za ku iya jiran kwana kaɗan ba?"

Injiniya ya duba taswirarsa, bai ga an nuna komai a wurin ba, ya shafa kai ya tafi. Katafila ta yi shiru. Leburori suka kwanta a inuwa.

Nan fa layi ya ɗau zafi, domin wannan ya wuce wasa. Masu gidajen ƙarshe suka fara kwashe kaya daga ɗakunan baya, kowa na duban sama in hadari ya taso. Suka tura Tela ya yi masa magana, tunda shi kaɗai yake iya gaya masa gaskiya a zauna lafiya. Tela ya tattare riga ya hau gaɓar yana haki.

"Na-sani, ka zame mana ƙadangaren bakin tulu. A taɓa ka a ce an taɓa hukuma, a bar ka gidaje su tafi."

"Zo ka ga abin da zai sa a san layin nan a duniya." Ya ɗaga gefen labule kaɗan, iya tafin hannu. "Taɓa. Kai kaɗai na yarda."

Tela ya taɓa. "Da sanyi."

"Sanyin zamani ne."

Tela ya kara kunne. Ya daɗe a haka. "Na-sani, abin nan yana gurnani."

"Iska ce ke bi ta cikin ɓargo."

"Ni dai na ga kunkuru ya tashi. In wannan ya tashi, ka ce masa ba ni da hannu."

Da labari ya bazu cewa dabbar tana gurnani, fushin mutane ya koma son gani. Ranar da Dakta za ta zo, tun hantsi bakin kwazazzabo ya cika. Malaman makaranta suka jero ɗalibai. Masu sayar da ruwan sanyi da lemo suka kafa tebura. Mata suka tsaya a inuwar katanga, Goggo a cikinsu, tana kallon labulenta daga nesa kamar mai kallon ɗanta a hannun 'yan sanda. Kawu ya sa an wanke rigar aljihu, ya goge hular kwano, ya jawo waya daga gidan ƙarshe ya haɗa lasifikar da ya harhaɗa da kansa.

Motar gidan tarihi ta tsaya. Dakta ta fito, 'yar gajeruwa mai gilashi, da takalmin roba da ƙaramar jaka. Kawu ya ɗauki makirfo ya hura.

"Jama'a, yau rana ce..."

Lasifika ta yi wata ƙara da ta tashi tsuntsaye daga bishiya, ta yi shiru, sannan ta kamo tashar rediyo. Wata murya mai daɗi ta shiga yi wa taron bayanin maganin basir. Kawu ya dake ta da tafin hannu, murya ta ƙaru. Ya sake duka, ta koma kiɗa. Sai Tela ya taimaka ya zare wayar.

"Ba komai," in ji Kawu da bakinsa. "Manyan abubuwa ba sa son hayaniya. Ranki ya daɗe, Dakta, bismillah."

Ya taimaka mata ta hau inda yake tsaye. Injiniya ya biyo baya. Kawu ya kama gefen zanin gado ya fizge, irin yadda ya ga ana buɗe sabon gini, sai dai ya manta da duwatsun da ya danne shi da su. Suka gangara, 'yan gaba suka watse. Ya tattara zanin da labulen ya rataya a kafaɗa, ya nuna da hannu biyu.

"Ga shi. Daga nan zuwa inda Allah ya sani."

Jama'a suka miƙa wuya. Dakta ta gyara gilashi, ta durƙusa, ta shafa mahaɗar gaɓa ɗaya da yatsa. Ta dubi Injiniya. Injiniya ya matso, ya duba, ya dafe goshi.

Ta ce a hankali, don kada na ƙasa su ji, "Baba, ina ganin gara mu koma gefe mu yi magana."

"Na gane, ranki ya daɗe. Kina tunanin yadda za ku ɗauke shi a wannan 'yar motar. Na riga ki tunani. Gaɓa ɗaya zan cire miki ki tafi da ita yau, sauran a turo babbar mota."

"A'a, Baba, abin da nake so in ce..."

"Ai na sani. A hankali za a yi. Na ga yadda ake yi."

Kafin ta miƙe ya jawo diga daga bayan lema, ya tofa yawu a hannu. Injiniya ya ce, "Baba, tsaya, bututun..." Diga ta riga ta sauka a tsakiyar mahaɗa.

Da farko wani ɗan siririn fito aka ji. Kawu ya juya ga jama'a yana murmushi, zai ce wani abu game da ɓargo. Sai mahaɗar ta buɗe. Ruwa ya fito da kaurin cinyar mutum, ya daki hular kwano ta yi sama, ya daki Kawu a ƙirji ya zaunar da shi. Tsohon bututun siminti ne, wanda aka binne tun kafin a haifi Injiniya, kuma shi ke kai ruwa kowane famfo a layinmu. Dakta da Injiniya suka yi tsalle gefe. Ƙasar da Kawu ke zaune a kai ta jiƙe, ta saki, ta tafi da shi. Ya gangara a zaune, zanin gado ya naɗe masa kai, labule na binsa a baya kamar jela, har ya tsaya a gindin kwazazzabo cikin taɓo iya ƙugu.

Aka zuba ido, ana jiran a ga ko ya ji ciwo. Zanin ya motsa. Hannu ya fito, ya yaye, fuska ta bayyana, ba abin da ake gani sai idanu.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," in ji shi. "Ina duba ƙasan ne."

Dariyar da aka yi, har malaman da ke tsawata wa ɗalibai sai da suka juya baya. Direban katafila ya tayar da injinsa, ya miƙa cokali a hankali, ya kwaso Kawu da taɓonsa da labulensa, ya ɗaga shi sama a gaban duk jama'a, ya dire shi a gaban matan da ke inuwa. Goggo ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Sannu, Malam. Ka ji ciwo?"

"Ko ƙwarzane."

"To alhamdu lillahi. Yau dai Na-sani ya haɗu da yayansa Da-na-sani." Ta zare labulenta daga wuyansa ta matse. "Wannan kai za ka wanke. In ka samu ruwa."

Kafin ma'aikatan ruwa su zo su rufe ruwan daga tushe, bututun ya wanke gaɓar tas. Mutane sun fara watsewa, sai aka ga Dakta ba ta nufi mota ba. Ta sauka ƙasa, tana tafiya a sunkuye a gindin farar ƙasar da ruwan ya fito da ita. Ta tsuguna, ta ciro wani abu da ɗan ƙarfe, ta hura, ta sake ciro wani. Waɗanda suka rage suka matso. A tafin hannunta ƙananan duwatsu ne masu siffar katantanwa, da wani falle mai zanen ɗan kifi, bai fi ɗan yatsa ba, ƙayoyinsa a jere kamar an zana da allura.

Ta ce, "Waɗannan na gaske ne. Wurin nan da can can ƙarƙashin teku yake. Da an bi a hankali da mun samu da yawa, ruwan ya farfasa rabinsu. Amma abin da ya rage ya isa a zo dominsa."

Ta ce wa Injiniya yini ɗaya ya ishe ta ta kwashe abin da za ta kwashe, ya ci gaba da aikinsa. Haka aka yi. Aka zuba kankare kafin ruwa na gaba, gidajen ƙarshe suka tsira, masu su suka mayar da kaya ɗakunan baya. Kifin da katantanwar suna can gidan tarihi a cikin gilashi. Kawu ya so a rubuta sunansa a ƙasa, Dakta ta ce za ta yi tunani, kuma har yanzu tana yi.

Bututu kuwa irinsa ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, sai da aka yi odar sabo. Famfunan layi suka bushe ƙaf. Dattawa suka zauna a ƙofar Mai Kemis, ba a ɗauki lokaci ba aka yanke hukunci: wanda ya fasa shi zai ɗebo. Mai Faci ya ba da aron baro, kowane gida ya fito da jarka. Kullum da safe sai ka ga Kawu Na-sani ya turo baro daga famfon unguwar gaba, yana gumi, yana tsayawa ƙofa-ƙofa.

A ƙofar Tela ya fi daɗewa, don nan yake samun inuwa da mai saurare. Ya sauke hannun baro, ya share goshi.

"Kai dai ka faɗi gaskiya. Kafin ni, wa ya san akwai teku a bayan layin nan? Shekara miliyan ba ruwa a wurin. Ni na dawo da shi."

Tela ya cije zare ya tsinke.

"Gaskiya ne. Kai ne kuma na farko da ya nutse a ciki. Juye mini biyu a randa, Na-sani, ka yi sauri, gidan Mai Kemis tun ɗazu suke leƙe."